Lesin ɗin Litireca na wajen Ƙofar Ƙaura, abin da na gani da idona

Tun da ƙanwata ta fara zuwa lesin ɗin nan na Litireca da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina iyaye ke ta tare ni da tambaya, wai yana da kyau? ya cancanci kuɗin da ake biya? to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunan wurin ko na malamin ba, don abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, shi kuma bawan Allah ne mai neman halaliyarshi. In yaronka na son karatun lauya, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne ko a wani gari, dole sai ya haɗa da Litireca a JAMB kuma ya samu kiredit a WAEC ko NECO, shi ya sa duk wanda ka gani a ajin nan kusan mafarkinshi ɗaya ne, baƙar riga da farar hular gashi.

Wurin kanshi ba wani abin a zo a gani ba ne. Shago 2 ne aka fasa bangon tsakiya aka haɗe, benci, farin allo, fanka guda ɗaya da ke juyawa in an ga dama an kawo wuta. Maza gefe mata gefe. Alhamis da Juma'a bayan la'asar ake yi tunda ranakun babu Islamiyya, wannan kam ya yi tunani, sai kuma Asabar da yamma. Kuɗi wata-wata ake biya kuma bai kai abin da masu lesin ɗin kimiyya ke karɓa ba. Ni ke kai ta, kuma da in biya kurkura in koma gida in sake biya in dawo gara in zauna a bencin baya, Malam bai hana ba, da haka na zama ɗaliba ba rajista.

Mu a zamaninmu Othello muka yi, silabas ɗin 2016 zuwa 2020, kuma yadda aka koya mana shi ne a rubuta maka jigo 5 a allo ka kwafe, a rubuta halayen taurari ka kwafe, Iago mugu ne Desdemona mai biyayya ce, ka haddace ka je ka zazzage a takarda. Da yawanmu mun ci jarabawar ba tare da mun taɓa buɗe littafin ba. Shi wannan malamin abu na farko da ya hana ke nan. Ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, in ya gan shi a hannunka sai ya karɓe ya aje a tebur sai an tashi. Duk abin da yaro ya faɗa game da wani tauraro tambayarshi ɗaya ce, a ina ka gani? wane kashi wace fitowa? wa ya faɗa, kuma shi mai faɗar me yake nema?

Littafin Shekisfiya da aka sa ma waɗanda za su rubuta daga 2026 shi ne Antony and Cleopatra, kuma nan ne Malam ya fi ƙarfi, nan ne kuɗinka ke fita. Ranar da suka fara bai ce masu komai ba a kan soyayya ko siyasa, ya sa aka karanta layukan farko kawai, inda wani sojan Antoni mai suna Philo ke ƙorafin cewa babban janar ɗinsu ya lalace ya zama wawan wata mace. Sai ya ce to kun ji hukunci tun kafin ku ga mutanen, wa ya yanke shi? Yara suka ce soja. Sojan ina? Na Rum. Ya ce to ku riƙe wannan, duk lokacin da kuka ji an zagi Kiliyofatira, sarauniyar Masar ɗin da ake cewa ta lalata shi, ku duba bakin da zagin ya fito, galibi bakin mutumin Rum ne, mutanen da ke ganin Masar wurin shagali ne da lalaci su kuma su ne masu tsari da aiki. Jigon Rum da Masar ke nan, amma bai rubuta shi a allo ba sai da yaran suka tono shi da kansu, kuma wallahi bambancin a bayyane yake, don ƙanwata har yau in ka ce mata Kiliyofatira karuwa ce sai ta ce maka in ji wa.

Yana ba su tarihi daidai gwargwado ba ya cika su da shi. Cewa mutum 3 ne suka raba mulkin daular Rum, Antoni da Oktabiyas Kaisar da Lepidus, cewa yaƙin ruwa na Actium an yi shi shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma Antoni da Kiliyofatira suka mutu a shekarar da ta biyo, cewa Shekisfiya ya rubuta wasan wajen 1606 zuwa 1607 aka buga shi a 1623 bayan mutuwarshi, kuma labarin daga Plutarch ya ɗauko shi ta fassarar Thomas North ta 1579. Wannan na ƙarshen ya yi amfani da shi da kyau. Ya kawo masu fotokofin inda North ya siffanta jirgin ruwan Kiliyofatira a kogin Cydnus, bayan jirgi na zinare, filafilai na shunayya, matuƙa na azurfa, ya aje kusa da jawabin Enobarbus, yaran suka ga kusan abu ɗaya ne, sai ya tambaye su to me Shekisfiya ya ƙara? Amsar da ya kai su gare ta ita ce wanda aka sa ma maganar a baki da kuma lokacin da ya faɗe ta. Enobarbus soja ne mai baƙar magana wanda ba ya yabon kowa, kuma ya yi wannan jawabi ne a Rum jim kaɗan bayan an gama ƙulla auren Antoni da Oktabiya 'yar'uwar Kaisar, auren da Agrippa mutumin Kaisar ya kawo shawararshi don a sasanta manyan biyu. Wato ana gama shafa fatiha babban amininshi na gefe yana faɗa ma mutane cewa ango ba zai taɓa barin waccan ta Masar ba. In mutumin da ba ya yabo ya yaba haka, ka san auren nan bai da ƙafa.

Fitowar da ajin ya fi so kuwa ita ce ta ɗan aike. Ya zo ya faɗa ma Kiliyofatira Antoni ya yi aure, ta mare shi ta ja gashinshi har ta zaro wuƙa ya ruga, can a kashi na 3 ta sa aka dawo da shi tana mashi tambayoyi, ta kai ni tsawo? muryarta fa? shekarunta nawa? fuskarta doguwa ce ko zagayayya? gashinta wane launi? shi kuma da ya sha duka ya koyi hankali, ya ce ba ta kai ki tsawo ba, muryarta ƙasa-ƙasa, bazawara ce, za ta kai 30, ita kuma duk abin da ya faɗa sai ta juya shi ya zama aibi ta ba shi zinare. 'Yan matan ajin dariya har da riƙe ciki, don babu wadda ba ta taɓa ganin uwargida na bincike a kan amarya ba. Malam ya bar su suka yi dariyarsu sannan ya ja birki, ya ce kishi ne ƙwarai amma kada wadda ta rubuta mani cewa kishiyoyi ne, Rumawa mace ɗaya suke aure, Fulvia matar Antoni ta baya ta mutu ne kafin ya auri Oktabiya, a idon dokar Rum Oktabiya ce mata ita kuwa Kiliyofatira ba ta da wannan matsayi, kuma sarauniya ce mai ƙasa, in Antoni ya kuɓuce mata ba miji kawai ta rasa ba har da kariyar gadon mulkinta. Na ji daɗin wannan birkin sosai. Da yawan malamai in sun samu misalin gida da ya sa yara dariya sai su zauna a kanshi har yaro ya manta littafin na wata ƙasa ne da wani zamani.

A kan Enobarbus ya fi daɗewa kuma ni ma shi ya fi tsaya mani a rai. Mutumin da ya ba Antoni shawara kada ya yi yaƙi a ruwa tunda ƙarfinshi a tudu yake, Antoni ya ƙi ji don kawai Kaisar ya ƙalubalance shi, ana tsakiyar yaƙi Kiliyofatira ta juya da jiragenta 60 shi kuma ya bi bayanta ya bar mutanenshi. Duk lissafin hankali ya nuna a bar Antoni, Enobarbus ya daure ya daure daga ƙarshe ya koma wajen Kaisar. Sai Antoni maimakon ya tsine mashi ya sa aka bi shi da dukiyarshi gaba ɗaya da gaisuwa, yana ɗora laifin a kan kanshi. Wannan alherin ne ya kashe Enobarbus, babu takobi babu guba, baƙin ciki kawai. Malam ya raba ajin biyu, maci amana ne ko mai hankali ne, aka yi ta kai ruwa rana, wani yaro daga Rafin Daɗi ya ce Malam ai shi Enobarbus ya iya lissafin yaƙi amma bai iya lissafin zuciyarshi ba, Malam ya ce rubuta wannan ka kawo mani hujja 3 daga littafi ranar Asabar. Haka yake yi, magana mai daɗi ba ta wuce wa sai da shaida.

Akwai abin da na san iyaye na jin tsoro, littafi cike da soyayya ba aure da giya da kashe kai. Yadda ya bi da shi ya kwanta mani. Da aka zo inda Eros yaron Antoni ya kashe kanshi don kada ya kashe maigidanshi, Antoni ya faɗa kan takobi saboda labarin ƙarya da Kiliyofatira ta aika cewa ta mutu, ita kuma daga baya ta sa aka kawo mata maciji a kwandon ɓaure, ya tsaya ya ce masu a addininmu wannan haramun ne babu ja, amma su Rumawan wancan lokaci suna ganin mutuwa da hannunka ta fi a ja ka a titi cikin sarƙa, aikinku ku gane tunaninsu ba ku ɗauke shi ba. Sannan ya jefa masu tambayar da har gida muka kai ta, Antoni ya mutu a kashi na 4, kashi na 5 kusan duk nata ne, to don son shi ta mutu ko don Dolabella mutumin Kaisar ya tsegunta mata Kaisar zai zagaya da ita a Rum a yi mata dariya? In don so ne me ya sa ta ɓoye wani ɓangare na dukiyarta har ma'ajinta Seleucus ya tona ta gaban Kaisar? Bai ba su amsa ba. Ya dai ƙara masu da cewa inda take tsoron wani yaro mai siririyar murya zai kwaikwaye ta a dandali, a zamanin Shekisfiya yaro namiji ne ke fitowa a matsayin mace, wato yaron da ke faɗar layin shi ne abin da ake tsoron.

To ga inda matsalar take, kuma babba ce. A WAEC littafin Shekisfiya ba a ese, wato doguwar amsa, yake fitowa ba, a fefa ta 1 yake, tambayoyin zaɓi 50 cikin awa 1, guda 20 daga ciki a kan littafin ne, a yanko maka layuka a ce wa ke magana, da wa yake, a ina suke, me ya faru kafin nan. Duk wannan muhawara mai daɗi tana taimakawa don yaron da ya san littafi zai gane murya, amma sai an yi atisaye da agogo, kuma Malam ba ya son wannan aikin, a fuskarshi ma za ka gani. Tambayoyin shekarun baya sai an matsa mashi. Na same shi bayan an tashi na ce Malam don Allah a riƙa ware ko minti 20 ana yi masu irin na jarabawa, ya ce Hajiya in sun fahimta za su amsa, na ce Malam fahimta daban sauri daban. Ya fara yi ranar Asabar amma ba kullum ba. Wasan nan fitowa sama da 40 gare shi, ana tsalle daga Iskandariyya zuwa Rum zuwa Siriya zuwa Atina, ga 'yan aike da sojoji barkatai, yaro zai iya yi maka bayanin zuciyar Enobarbus tsaf amma ya rikice tsakanin Menas da Mardian.

An Inspector Calls na J.B. Priestley ma ya koyar da shi da kyau, kotu ya mayar da ajin. Wasan an rubuta shi 1945 amma labarin a 1912 yake, shi ya sa in Mista Birling, attajirin uban gidan da wasan ke kansu, ya bugi ƙirji ya ce ba za a yi yaƙi ba kuma jirgin Titanic ba ya nutsewa, masu kallo da suka ga yaƙe-yaƙen duniya guda 2 sun riga sun san wawa ne ke magana, kuma duk abin da ya faɗa bayan nan a kan kowa ya ji da kanshi ya zube. Yarinyar da ta mutu, Eva Smith, wadda wani sufeto Goole ya zo gidan bincike a kanta, kowa a gidan ya taɓa ta, uban ya kore ta daga masana'anta don sun nemi a ƙara albashin sati daga sule 22 da sisi zuwa sule 25, 'yarshi Sheila ta sa aka kore ta daga kanti don haushi, Gerald mai neman auren Sheila ya aje ta ya more ya sallame ta, Eric ɗan gidan ya yi mata ciki ya saci fam 50 a ofishin ubanshi, uwar kuma ta hana ta taimako a ƙungiyar agaji tana cewa a je a kama uban cikin ba ta san ɗanta take yanke ma hukunci ba. Aka sa yara su jera su daga mai babban laifi zuwa ƙarami, an kusa dambe. Inda ban yarda da Malam ba shi ne Gerald. Ya tsaya a kan tsofaffi ba su canza ba matasa sun canza, ya wuce Gerald da sauri kamar mai ɗan dama-dama ne tunda ya nuna ma yarinyar tausayi. A ganina shi ne ma ya fi haɗari, shi ya fita ya binciko cewa babu wani sufeto Goole a 'yan sandan garin, shi ya kawo dabarar cewa ƙila ma ba yarinya ɗaya ba ce, kuma da hankali ya kwanta shi ya sake miƙa ma Sheila zobe kamar ba a yi komai ba. Matashi ne amma sahun tsofaffin ya bi, kuma irin tambayar da za a iya yi a ese ke nan.

To Kill a Mockingbird kuwa gaskiya an yi mashi sauri. Ya yi bayanin shari'ar da kyau, wadda aka zargi Tom Robinson baƙar fata da yi ma wata farar fata Mayella fyaɗe, raunin Mayella a gefen dama na fuska, ubanta Bob Ewell bahago, hannun hagun Tom Robinson ya mutu tun yana yaro, amma duk da haka farar fata 12 suka ce ya yi. Sai dai ya jingina da fim ɗin 1962 da ya nuna masu a laftof, kuma fim ɗin babu Anti Alexandra gwaggon Scout mai ba da labarin a ciki, babu zuwan su Scout cocin Calpurnia mai aikin gidansu baƙar fata, yaron da ya tsaya a fim zai rasa rabin maganar matsayi da dangi da ke cikin littafin Harper Lee na 1960.

Waƙa ita ce marainiyar ajin. Ya karanta, ya faɗi ma'ana, ya lissafo adon harshe, a wuce, wato dai irin koyarwar da shi da kanshi ya hana a wasan kwaikwayo. Digging ta Seamus Heaney, ɗan manomi da ke kallon ubanshi na haƙa yana tuna kakanshi shi kuma alƙalami ne a hannunshi, a ajin da rabin yaran kakanninsu na gona a Batagarawa ko Rimi ko Kaita, wannan waƙa ce da za a kwana ana magana a kanta, amma ko rabin awa ba ta samu ba. Labarin zakara da dila na Chaucer ne kawai ya ɗan motsa su, shi ma don ya yi kama da tatsuniya ne, dila ya yaudari zakara da yabon murya ya cafke shi, zakara ya yaudari dila ya buɗe baki ya tsere. Waƙar da ba a taɓa gani ba, wadda ke da tambaya 5 a fefa ta 1, ban ga an taɓa ta ba sam.

Gyaran ese ɗinshi kam babu wasa, jan biro har gefen takarda, kuma yana mayar da Hausa gefe in an zo rubutu, muhawara da Hausa da Turanci a cakuɗe amma abin da za a miƙa mashi Turanci zalla. Sai dai yakan riƙe takardu ya daɗe bai dawo da su ba tunda shi kaɗai ne, kuma ajin na ƙara cika, waɗanda ke bencin baya in fankar ta tsaya barci suke. Yana da girup a WhatsApp inda yake tura saƙon murya, wani ya kai minti 15, mai amfani ne amma ba kowace yarinya ke da waya ba, a wayata ƙanwata ke saurare.

Wanda ɗanshi ke aji 2 na babbar sakandare, yanzu ne lokacin kai shi, zai samu shekara guda yana koyon karatu da hujja kafin a shiga zafin jarabawa. Wanda kuma saura wata 2 ya rubuta kuma bai taɓa buɗe littafi ba, wannan wurin zai ba shi haushi ne kawai, don Malam ba zai ba shi abin haddacewa ba ko ya roƙa. In kun sa yaro, ku nemi tambayoyin baya ku riƙa sa mashi agogo a gida, waƙoƙin kuma a samu wani ya ƙara mashi. Littattafan ba ya sayarwa, kowa shi ke nemo nashi, kuma a kula wajen saye don akwai bugun da aka taƙaita aka sauƙaƙa Turancin, da irin wanda shafuka ke ɓacewa a tsakiya. Shi Antony and Cleopatra ku buɗe tun a gaban mai shagon ku ƙirga, kashi na 3 fitowa 13 ne kashi na 4 kuma 15, in bai kai ba ku aje mashi abinshi.